Bindigar Ɓauna a Garin Zomo

Ran Alhamis, Kasuwar Dole na watsewa,
Mutari ya shigo maƙerar babana da jaka a hammata,
ya zuge ta bisa tabarma kafin ya gama sallama.

Gajera ce, kamu biyu ba ta cika ba,
amma bakinta ya haɗiye ɗan yatsana har gaɓa.
Ƙarƙashin kunama akwai wani zoben ƙarfe,
ka tura shi ƙasa, ka maido shi, ƙas-ƙarat,
kwanso ya yi tsalle, sabon harsashi ya hau gado.
"Fitowar bana ce," in ji Mutari,
"ko a Yamai ba kowa ya gan ta ba."

Babana ya aje guduma,
ya shafa ta da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro.
Ya nemi sawun zarto, bai samu ba.
"Wanda ya ƙera wannan, wuta ba ta taɓa cin hannunsa ba."
Har yau ban san yabo ne ko zagi ba.

Kiyari direba, gajartar ce ta tafi da shi:
ta kwanta bayan kujera, ta ratsa sarƙaƙiya ba ta maƙale ba.
Tsahiru, da ya sha rana shekara tara a soja, ya taɓe baki:
"Gajeren baki, gajeren zango.
Ka wuce taku ɗari biyu, harsashi ya soma neman ƙasa.
Ga shuri irin na jakin da aka taɓa wa miki.
Ka tanadi man zafi, kafaɗa za ta tambaye ka."
Malam Barma ba ruwansa da ƙarfe, kuɗi ya tambaya.
Da aka faɗa, ya ja carbi shiru,
ya tsaya a kan saniya biyu da maraƙi.
"Harsashi guda fa?"
"Jika uku."
"Zabuwa gasassa, har da yaji, ba ta kai haka ba."

Duk abin nan tsoho Ɗan Jimma na jingine da bango,
harbi-ka-rugarsa tsakanin gwiwoyi, ɗaure da wayar keke.
Aka miƙa masa.
Ya manna kunci, ya auna duwatsun Birni,
ya daɗe har shayi ya huce.
Ya ja zoben sau ɗaya. Ya sake ja.

"Ta yi," ya ce. "Wallahi ta yi.
Shekarar da muka bi ɓauna can kudu, ni da Gagare,
na harba, na same ta, ba ta faɗi ba.
Ina zuba albarushi, ina danna tsumma, hannu na rawa.
Tsakanin harbin fari da na biyu,
nan kabarin ƙanena yake.
Wannan zoben, ƙiftawar ido ne kawai."

Ba wanda ya yi tari.
Zugazugi ma ya tsaya a hannuna.

"Amma Mutari, me za ka harba?
Inda muka kwana bisa itace, yau gero ne har bakin kwalta.
Gwanki ya tafi, gyado ya bi shi,
ɓauna sai a littafin jikokina.
In ka auna zomo da wannan,
kunnuwa biyu za ka kai wa uwargida."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi don a samu tashi.
Mutari ya goge sawun yatsunmu da gefen rawani,
ya ƙirga harsasansa: ashirin suka zo, ashirin suka koma.

Da asuba na fito ɗibar gawayi,
na tarar da babana tsugune gaban murhu,
ƙusa a hannu,
yana zana zoben nan cikin toka,
yana sharewa, yana sakewa.